SIBULET, ƘANWAR ALBASA DA AKE NOMAWA DON GANYE

Ƴan uwa maza da mata na makarantun yaƙi da jahilci, karatunmu na yau a kan wata ƙanwar albasa ne. Kowa ya san albasa. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen bakin teku. Kowa ya san tafarnuwa. Amma gidansu babba ne, akwai dangin da ba su cika zuwa kasuwanninmu na ƙauye ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda Faransawa ke kira sibulet. Ga yadda ake rubuta sunanta bisa takardar iri: ciboulette. Ku riƙe wannan rubutu, zai yi muku amfani wurin mai saida iri.

Yaya take?

In ka hango ta daga nesa, sai ka ce ciyawa ce. Ganyenta siriri ne kamar tsintsiya, kore shar, cikinsa rami kamar na lawashi. Tsayinta bai cika wuce kamu ɗaya ba, wato santimita 30 zuwa 50. Ba ta tsayuwa ita kaɗai. Tana fitowa cunkus, gindi da yawa a wuri guda. In ta girma tana yin fure mai launin bawon albasar Galmi, kuma furen ma ana ci.

Ga babban bambancinta da albasa: ba ta yin kai. Abin da ke cikin ƙasa ɗan ƙarami ne, bai kai ɗan yatsa kauri ba. Manomin da ya shuka ta yana jiran ta yi kai ya sa a buhu, zai yi ta jira har ya gaji. Dukiyarta duka a ganye take. Kuma ba ta mutuwa bayan an yanka. Albasa in an cire, an gama da ita. Sibulet kuwa yau ka yanka, bayan sati 3 ko 4 ta sake tofowa. Gindi guda yana iya yin shekaru.

Asalinta ƙasashen sanyi ne. Tana fitowa da kanta a daji cikin Turai, da arewacin Asiya, da arewacin Amurka. Can, lokacin ƙanƙara ganyen yana bushewa, gindin ya kwanta cikin ƙasa. Da sanyi ya sauka tana cikin ganyayen farko da ke ɓullowa. Shi ya sa mutanen can ke murna da ita, kamar yadda muke murna da ganyen farko na damana.

Yadda masu ita ke ci

Ɗanɗanonta na albasa ne, amma mai sauƙi. Ba ta da yajin nan mai sa hawaye. Mutum yana ci ɗanye, bakinsa bai ɗauki wari sosai ba.

A Faransa suna yanka ta ƙanana ƙanana da almakashi, su zuba cikin wainar ƙwai. Suna barbaɗa ta bisa dafaffen dankalin turawa, da kifi, da salati, da romo. A birnin Liyon akwai wani abinci na masaƙan alhariri na da. Suna ɗaukar farin cuku mai taushi, mai kama da kindirmon da aka tsane wa ruwa. Su zuba sibulet, da tafarnuwa, da gishiri, da ɗan mai. Su juya, su ci da burodi. Abincin talaka ne, amma har yau ana saida shi a gidajen abinci na birnin. A ƙasar Suwidin kuma ana cin ta da kifi mai gishiri da sabon dankali da nono mai tsami.

Ku lura da abu guda cikin duk waɗannan abinci. Babu inda aka jefa ta cikin tukunya tun farko. Ko dai a ci ta ɗanye, ko a zuba ta bayan an sauke.

Don mi? Abin da ke ba albasa da tafarnuwa da sibulet ƙamshi yana ɓoye cikin ganyen. Sai an yanka yake fitowa. Ƙamshin sibulet kuwa ba shi da nauyi. Wuta na kore shi, iska na kwashe shi. In ta daɗe tana tafasa, ƙamshin ya bi tururi ya tafi, koren ya koma kamar tsohon tsumma. Uwar gida ta yi asarar kuɗinta, miya kuma ba ta ƙaru da komi ba. Haka nan in an yanka tun da safe aka ajiye har marece. Don haka a yanka ta lokacin da tuwo ya riga ya shiga akushi.

Wannan dabara ba ta sibulet kaɗai ba ce. Ɗanyen lawashi ma haka yake. Mata da yawa suna zuba shi tare da daddawa da tattasai, ya yi ta dahuwa har wuta ta mutu. Ku gwada raba shi biyu. Farin gindin, mai ƙarfi, a soya shi cikin mai tun farko. Koren ganyen a ajiye shi, a zuba in an sauke tukunya, a rufe kaɗan. Mai gida zai tambaya ko an sake mai girki.

A cikin abincinmu, sibulet tana shiga duk inda ɗanyar albasa ke shiga. Kwaɗon zogala ko na rama da ƙuliƙuli. Dambu. Shinkafa da wake da mai da yaji. Taliya. Soyayyen kifi. Mai shayi da ke soya ƙwai bakin tasha, babban cokali guda ya ishi ƙwai 3. Ga marar lafiya da ba ya son yajin albasa, ɗan kaɗan bisa romo yana buɗe masa baki.

Tun da ɗanye ake ci, tsabta wajibi ce. A wanke ganyen da ruwa mai kyau, irin wanda ake sha, kafin a yanka. Ba bayan an yanka ba. Ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwan tabki yana iya ɗauko zawo da tsutsar ciki.

Tana gina jiki?

Tana da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Tana da bitamin C, mai taimakon dasashi da warkewar miki. Cikin giram 100 na ganyenta akwai bitamin C kamar na giram 100 na lemun zaƙi. Amma mu faɗi gaskiya: wa ke cin giram 100 na sibulet a zama guda? Cokali ɗaya ko biyu ake sawa. Ita kayan ƙamshi ce. Ba za ta tsaya wa yara a madadin zogala, ko kabewa, ko karoti ba. Amfaninta shi ne ta sa abinci daɗi har yaro ya cinye rabonsa. Shi ma bitamin C wuta na ɓata shi, wannan dalili na biyu ke nan na zuba ganye a ƙarshe.

Ita da gabu

Wani zai ce, sai mu shanya ta kamar gabu. Ba ta yi. Gabu daga ganyen albasa ake yin shi. A daka, a dunƙula, a shanya a rana. Yana da ƙarfi, yana jure dogon dahuwa, yana kai wata da watanni cikin tulu. Sibulet in ta bushe, yawancin ƙamshinta ya gudu. Turawa cikin ƙanƙara suke ajiye ta. Mu da ba mu da wannan, sai mu bar ta a gindinta, mu yanka daidai bukata.

Ga kuma magana ga masu garkar albasa. Kan albasa daga ganye yake samun abinci. Kowane ganye yana da ɓawonsa cikin kan. Wanda ke tsinkar lawashi kullum don miya ko don kasuwa, yana rage nauyin buhunsa da hannunsa. Wanda kuma ya yanke ganye tun wuyan albasa yana ɗanye, ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Sai a zuba cikin rudu, kafin kuɗin albasa ya tashi rabi ya lalace. Gara a ware ɗan fangali na ganye daban, a bar albasar kai ta nuna har ganyenta ya kwanta da kansa.

In kuna son gwadawa

Lokacinta a wurinmu shi ne ɗari, tare da sauran kayan noman rani. Ku tambayi malamin gona, ko masu saida irin kayan garka a birni. Ku duba shekarar da aka rubuta bisa takardar. Irin dangin albasa ba ya daɗewa, in ya wuce shekara ɗaya ko biyu da yawa ba ya tsira.

Ku karanta sunan da kyau. Akwai ciboule, akwai ciboulette. Ta farko ta fi kauri, kamar lawashi take, kuma ana noma ta da yawa a ƙasashen bakin teku na Afirka ta yamma. Akwai kuma ta ƙasar Sin. Ganyenta falai ne, ba rami ciki, furenta fari, ƙamshinta na tafarnuwa. Ita ta fi jure zafi, kuma ta fi jure wuta, mutanen Sin suna soya ta da ƙwai.

Ɗiyan sibulet ƙanana ne baƙaƙe kamar na albasa. A yafa cikin ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki, kada zurfin ya wuce santimita 1. Suna tsira cikin sati 2 zuwa 3. In sun yi tsawon yatsa, a dasa su tsibi tsibi, tazarar santimita 25. Wajen wata 3 da shuka a fara yanka. Kada a tumɓuke. A yanke da almakashi ko wuƙa mai kaifi, a bar faɗin yatsa biyu bisa ƙasa. In gindi ya cunkushe, a tone, a raba da hannu, a sake dasawa. Maƙwabciya ma ta samu.

Abokin gabanta a ƙasarmu zafin Afrilu da Mayu ne. A yi mata rumfar kara, kada ƙasarta ta bushe. Matar da ba ta da garka tana iya dasa ta cikin fasasshiyar tukunya, ta ajiye cikin inuwa kusa da randa, inda awaki ba su kai.

Ga lissafi, ku yi shi bisa allo tare da malaminku. Fangali yana da tsawon mita 2, faɗin mita 1. Kowane tsibi yana son santimita 25 ta tsawo, santimita 25 ta faɗi. Tsibi nawa fangalin zai ɗauka?