Ayaba Mai Jure Cuta, Mai Daɗin Ci

Ayaba tsiro ce mai son laima. Saboda haka a ƙasar Ngaski da Yauri da Shanga wurinta shi ne lambu da fadama, a bakin Kwara da tafkin Kainji. Ya kamata duk mai niyyar dasa ta ya san labarin irinta tukuna.

Ayabar da a ke ci ba ta da ƙwaya. Tohon da ya fito gindin uwa shi a ke cirewa a dasa, watau ɗa da uwa halinsu ɗaya. Cutar da ta iya kama ɗaya tana iya kama dukan lambu. Haka ya faru a Amurka ta Tsakiya. Wajen 1950 zuwa 1960 cutar Fanama, wadda ta ke zaune cikin ƙasa, ta hallaka gonakin irin da a ke kira Gros Michel, har tilas aka koma ga irin Cavendish.

A Nijeriya kuwa, cutar ganye mai suna Baƙar Sigatoka ta bayyana a kudu a 1986. Takan ƙone ganye, 'ya'ya su ƙanƙance, manomin agade ya yi hasarar sulusin amfaninsa ko fiye. A 1987 masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA, mai hedkwata a Ibadan, suka soma neman magani a gonarsu ta Onne, kusa da Fatakwal. Suka riƙa ɗibar garin furen wata ayabar daji ta Asiya, wadda cutar ba ta kamawa, suna shafa wa furen agade. Ƙwaya kaɗan ƙwarai a ke samu, a rene ta shekara da shekaru. Ta haka aka fid da irin da a ke kira PITA.

Amma jure cuta kaɗai bai isa ba. Waɗansu sababbin irin sun yi yabanya, sai masu saye suka ga 'ya'yan gajeru ne, in an dafa kuma sun faye laushi. Irin Goldfinger da aka samar a Honduras shi ma yana da ɗan tsami, bai ture Cavendish a kasuwa ba. Shi ya sa yanzu a kan dafa sabon iri, a ba manoma da matan gida su ɗanɗana kafin a rarraba shi. Ta wannan hanya aka zaɓi iri huɗu da Tanzaniya ta ba manomanta a 2021.

To, ga abin da ya wajaba ga mai lambu. Kada ya karɓi toho daga gonar da bai sani ba, sai ya shawarci malamin gona. In ya sami sabon iri, ya dasa gindi kaɗan tukuna. In sun nuna, iyalinsa su ɗanɗana, ya kai saura kasuwar Wara ko ta Yauri. Wanda masu saye suka komo nema, shi ne na cika lambu.