Ina Yaron Yake? Darasi a Kan Tafiyar Kirsimeti da Ƙananan Yara

Karatu: Luka 2:41-52

Da zarar watan Disamba ya kama, iyalan masu bi da ke zaune a Legas, Ibadan da Fatakwal sukan fara ɗaure kaya domin zuwa gida Kirsimeti. Daga Legas zuwa Jos wajen kilomita 1,000 ne, tafiyar yini guda cur, wani lokaci har da kwana a hanya. Akan yi lissafin kuɗin mota da tsarabar kakanni da ɗinkin yara. Abin da ba a cika zama a shirya ba shi ne wanda zai lura da kowane yaro.

Luka ya ba da labarin wani iyali da wannan ya taɓa shafa. Yusufu da Maryamu sukan tafi Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa, kuma a wannan karon Yesu yana da shekara 12. Da aka gama idi suka kama hanyar Nazarat cikin ayari, suka yi tafiyar yini ɗaya kafin su gane ba ya tare da su. Ya kamata mai karatu ya lura cewa Luka bai kira su masu sakaci ba. Masu tsoron Allah ne, a hanyar ibada kuma suke. Abin da ya faru shi ne sun yi zato yana cikin 'yan'uwa da idon sani. Zaton nan ba na wauta ba ne, gama ayarin na mutanensu ne. Duk da haka ya jawo musu komawa baya da nema cikin damuwa, sai a rana ta uku suka same shi a Haikali yana zaune tare da malamai.

Ba shakka babban abin da ke cikin nassin shi ne Yesu ya san ko shi wane ne, da aikin da ya zo yi. Amma akwai abin da iyaye za su ɗauka a gefe. Yaro ɗan shekara uku da ya ɓace a inda motoci ke tsayawa cin abinci a Lokoja ba a tsakiyar malamai za a same shi ba.

Akan ce ɗa na kowa ne, gaskiya ne kuwa a wajen tarbiyya. A cikin taro, maganar takan juye ta zama tarko: uwa tana tsammani yana wurin uba, uba yana tsammani yana wurin gwaggo, gwaggo kuwa ta tafi sayen ruwa. Saboda haka tun kafin a bar gida sai a damƙa kowane yaro ga babban mutum guda, a faɗa da baki. A ƙirga yara duk lokacin da mota za ta tashi. A sa takarda mai sunan iyaye da lambar waya a aljihun wanda bai iya magana sosai ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna a kujerar baya; lambarta ta gaggawa ita ce 122.

Isa ƙauye ba ya kawar da hatsarin, sau da yawa ma a can ido ya fi barin yara, domin kowa na gida ne. Yaron birni bai san rijiya marar murfi ba, bai san murhun da aka ɗora tukunyar shinkafar biki ba, ga babura suna ratsa ƙofar gida. Mata suna madafa, maza suna gaishe-gaishe, jinjiri kuwa yana bayan yarinya 'yar shekara tara. Ita ma yarinyar tana bukatar mai dubanta.

Sanyin hunturu a Filato ba irin na Legas ba ne, sai a tafi da rigunan sanyi da gidan sauro. Idan canjin ruwan sha ya kawo zawo, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan. Idan idanunsa sun faɗa, ko ya ƙi sha, ko zazzaɓi ya shiga, a kai shi asibiti a ranar, ko da ana tsakiyar sujadar Kirsimeti.