Yadda Ake Gwada Abincin Bikin Bazara Na Ƙasar Sin A Gida

Bikin Bazara shi ne babban bikin mutanen Sin, wato sabuwar shekararsu ta gargajiya. Yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ana kwana 15 ana shagali, a rufe da Bikin Fitilu. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. A arewacin Sin, abincin daren jajiberi shi ne jiaozi, ƙullin fulawa mai nama a ciki. Kayan haɗinsa duk ana samun su a kasuwanninmu.

1. Sanin bikin tukuna. Ku tara yara ku ba su labari. Kafin ranar, Sinawa kan share gida tas, su manna jar takarda mai rubutun fatan alheri a ƙofa, manya su ba yara kuɗi cikin jan ambulan. Sashen Hausa na Rediyon Ƙasar Sin, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1963, yana kawo labarin bikin kowace shekara.

2. Cefane. Fulawa kofi 2, naƙaƙƙen naman sa ko na rago rabin kilo, kabeji, albasa mai lawashi, ɗanyar citta, tafarnuwa, gishiri da mai. Yawancin Sinawa da naman alade suke yi, amma Musulminsu 'yan ƙabilar Hui da naman sa da na rago suke yin nasu, kuma su za mu bi.

3. Kwaɓi. A zuba wa fulawar ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya yi sumul, kada ya yi ruwa. A rufe shi minti 30.

4. Haɗin ciki. A yanka kabeji ƙanana, a barbaɗa gishiri, a matse ruwansa sosai. In ba haka ba ƙullin zai fashe a tukunya. A cakuɗa da nama da sauran kayan.

5. Naɗi. Nan ne ainihin al'adar, domin Sinawa ba sa barin wa uwargida aikin ita kaɗai. Maigida ya gutsuro kwaɓi ya murza faifai da bai kai tafin hannu ba, yara su sa cokali guda na nama a tsakiya, a ninke, a danne baki gam. Siffar ta tsoffin kuɗin azurfar Sin ce, alamar fatan arziki.

6. Dahuwa. A jefa cikin tafasasshen ruwa, a juya a hankali. Za su taso sama kamar ɗanwake. A ƙara ɗan ruwan sanyi, a bari ya sake tafasa, har sau uku, don naman ya nuna. A ci da zafinsa da yaji da mai.

Ku gayyato maƙwabta, ku sa yara su yi musu bayanin abin da suka koya.