Darasi na Sha Ɗaya: Kada a Ɗaure Fis da Waya

Yawancinku kun san batirin mota sarai. Ƙarfinsa bolt 12 ne, yana da kai biyu, mai alamar + da mai alamar −. Haɗa masa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ba wuya. A fara cire kan mai −. Jar waya mai kauri ta tashi daga + zuwa amfilifaya. Baƙar waya ta zama gajera, a kankare fenti a ɗaure ta a ƙarfen mota. Wayar sauti kuma ta bi wani gefen daban da wayar wuta, don kada a riƙa jin ƙugi idan an taka totur.

Inda nake so mu tsaya shi ne fis. A sa shi a jikin jar wayar, kusa da batir, kada tazararsu ta wuce santimita 45, wato kamu ɗaya. Amfilifaya mai wat 600 yakan ja wuta amfiya 50 ko fiye. Idan wayar nan ta goge ta taɓa ƙarfe, batir zai tura ɗaruruwan amfiya nan take, ta yi ja wur. Fis ne kawai zai tsinke ya tare gobara. Idan ya tsinke, kada a ɗaure shi da waya!

Ku ji abin da ya sami Malam Bala direban tasi. Ranar kai amarya ya loda iyali da kaya, ya ƙure kiɗa.

"Baban Ummi, ba ka jin ƙauri?" in ji matarsa Hajara.

"Ƙaurin me kuma? Wata ce ta ƙona tuwo a layin nan."

"Tuwo a cikin but ɗin mota? Ni dai jiya na gan ka kana naɗe wani abu da takardar kwalin sigari."

"Ke dai ki ji da girkinki, ki bar mini motata. Sau biyu fis yana tsinkewa, kullum sai in ta saye?"

"To Allah ya kyauta. Ummi, ɗaga ƙafarki, ƙasan nan zafi yake!"

Kafin ta rufe baki hayaƙi ya turnuƙe. Aka fizgo yara, maƙwabta suka yi ta watsa yashi. Rai dai ya tsira, amma ankon biki da garar amarya sun tafi. Da mai rewaya ya duba, sai ga jar wayar ta goge a ramin da ta ratsa ƙarfe, babu robar kariya. Tsinkewar fis sau biyun nan gargaɗi ne, Malam Bala ya toshe masa baki.

Abin haushi, har yau a unguwarmu akwai masu yi. Wani ya tura ƙusa, wani ya sa fis da ya fi ƙarfin wayar, ya ce ya huta. Kada a ɗaure fis da waya, ko ƙusa, ko takardar sigari. A nemo dalilin tsinkewarsa, a gyara, a sa sabo mai lamba iri ɗaya.

Bayan an gama haɗi sai auna sauti: kunnen mutum yana ji daga hats 20 zuwa 20,000. Akwai manhajar wayar salula mai nuna wannan a zane. Ka zauna a kujerar direba ka duba inda layin ya yi tudu ko kwari, ka daidaita. Amon da ke ƙasa da hats 80 a bar wa babbar lasifika. Idan sauti ya fara karkarwa, rage shi.

Yau ɗin nan, ka buɗe bonet ka duba jar wayarka. Idan babu fis na gaskiya kusa da batir, kada ka ɗauki iyalinka sai ka sa shi.