Hanyar Sanin Manyan Kalmomin Turanci

Tsarin mulkin ƙasarmu na 1999 ya ce da Turanci za a riƙa gudanar da aikin Majalisar Tarayya, sa'an nan da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya kamata. Haka kuma da Turanci ake rubuta yawancin takardun da suka shafi zamanmu na yau da kullum, kamar takardar ɗaukar aiki, da ta rancen banki, da ta hayar gida, da 'yar takardar nan da ake naɗowa cikin kwalin magani. Mutum yana iya jin Turancin gaisuwa da na ciniki sarai, amma in an miƙa masa irin waɗannan takardu sai ya ga kamar wani harshe ne dabam. Alal misali, wanda ya sa hannu a gurbin da aka rubuta "witness" shaida kurum ya yi. Wanda ya sa a gurbin "guarantor" kuwa ya lamunce ke nan, in mai bashi ya kasa biya shi za a bi. Kalma guda ce tsakaninsu, amma tana iya cinye gonar mutum.

To, me ya sa Turancin takarda ya bambanta da na baki haka? Asalin abin tun shekarar 1066 ne, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci ƙasar Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa, Latin kuma shi ne na malamai, talakawa suka ci gaba da harshensu na gado. Daga baya masana kimiyya da likitoci suka yi ta aro daga Latin da Girkanci. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar abu guda yana da suna biyu ko uku. Mutumin gari ya ce "ask", ɗan sanda ya rubuta "interrogate". Mutumin gari ya ce "end", ofis ya rubuta "terminate".

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mu ma manyan kalmominmu na shari'a da na karatu daga Larabci muka aro su, kuma wanda ya lura zai ga hukunci da hakimi da hikima tushensu ɗaya ne, kamar yadda ilmi da malami suka fito gida ɗaya. Har wa yau, yaro ƙarami ya san in aka ɗora "ma" a gaban aiki sai a sami mai yinsa ko abin yinsa: noma ya ba da manomi, buɗewa ta ba da mabuɗi. Ba wanda ya haddace waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar ya gane, ita ce ta buɗe masa sauran.

Manyan kalmomin Turanci ma haka aka gina su, da goshi da tushe da wutsiya. Ɗauki tushen "port", wanda a Latin ma'anarsa ɗauka. In ka san "ex" na nufin waje, "im" ciki, "trans" ƙetare, to ka riga ka san "export" fitar da kaya ne, "import" shigo da su, "transport" kai su daga wani wuri zuwa wani. Ƙara masa wutsiyar "able", mai nufin abin da zai yiwu, sai ka sami "portable", wato abin da ake iya ɗauka a hannu. Ta fannin Girkanci, "tele" nesa ne, "phone" kuwa murya, kuma daga haɗinsu muka sami tarho. A asibiti, sunan cutar da ya ƙare da "itis" yawanci kumburi yake nufi: "hepatitis" na hanta, "meningitis" kuwa shi ne sanƙarau. Tushe hamsin da ka riƙe da kyau sun fi maka kalma ɗari biyar da ka haddace daren jarrabawa.

Amma fa a yi hattara, ƙa'idar tana da tarko. Goshin "in" wani lokaci korewa yake yi, kamar a "invalid", takardar da ba ta da amfani. Sai mutum ya ga "inflammable" a jikin tankar fetur ya ɗauka abin ba ya cin wuta, alhali ma'anarsa mai saurin kamawa da wuta. Haka "anti" gāba da abu ne, "ante" kuwa kafin abu, shi ya sa ake kiran awon ciki "antenatal". Saboda haka tushe zai kai ka bakin ƙofa ne, ƙamus shi zai tabbatar maka.

Ƙamus kuwa akwai su. Na Bargery, na Hausa zuwa Turanci, ya fito tun 1934. Na Neil Skinner, na Turanci da Hausa, ya fito a 1965, na Roxana Ma Newman kuma a 1990. Wanda ya ɗan yi nisa ya nemi irin wanda A. S. Hornby ya tsara domin masu koyo, gama yana bayyana kalma da Turanci mai sauƙi, ya kuma nuna ta cikin jimla. Yanzu da yawa daga irin waɗannan ƙamusoshi suna cikin wayar hannu, har da muryar da za ta furta maka kalmar. Ɗaliban manyan makarantu kuma su nemi jerin da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, mai ɗauke da dangin kalmomi 570 da suka fi yawo cikin littattafan ilmi.

Ba wai ana koyon waɗannan domin burga ba ne. Ma'aikacin da ya cika wasiƙa da dogon Turanci har mai karɓa ya rasa ko an ba shi ne ko an hana shi, bai yi wa kowa aiki ba. Ka san babbar kalma domin ka gane ta in ta zo maka, amma in ƙarama za ta biya bukata, rubuta ƙaramar.

Ka tanadi ɗan littafin rubutu na aljihu. Duk kalmar da ta tsayar da kai a jarida ko a labaran rediyo, rubuta ta tare da jimlar da ka same ta a ciki, domin kalma ba ta zama a ka in an raba ta da 'yan'uwanta. Fara gwada ma'anarta daga tushe, sa'an nan ka duba ƙamus ka ga ko ka dace. Uku a rana sun isa, cikin shekara sun haura dubu. Ran Juma'a ko Lahadi ka koma kan na makon, ka rufe ma'anar da hannu, ka yi jimla taka da kowace. Wadda ta kuɓuce maka ka sa mata alama, ka mai da ita cikin na mako mai zuwa.