Darasi na 14: Koyon Hawan Doki Don Wasan Folo

Folo wasan ƙwallo ne da ake yi a kan dawaki. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa huɗu. An kafa kulob ɗin folo na Legas a shekarar 1904, kuma har yau ana yin wasan a Kaduna da Kano da Katsina. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya shahara ƙwarai a wannan wasa.

Idan kana son ka koyi folo, kada ka fara da sanda, fara da zama a kan sirdi. Dokar wasan ta ce a riƙe sanda da hannun dama kawai. Hannun hagu kuma yana riƙe da linzami. Ka ga ke nan ba ka da hannun kama sirdi. Ƙafafunka ne za su riƙe ka. Wanda bai iya zama ba, da ya kai wa ƙwallo duka sai ya faɗi.

Kafin ka hau, sa hular kwano, sannan ka duba majayi ko ya ɗauru sosai. Idan ya yi sako-sako, sirdi zai juye da kai. Kada ka tsaya a bayan doki, domin yana iya harbinka. Hau ta gefen hagu. Sa ƙafar hagu a likkafa, ka ɗaga ta dama, ka zauna a hankali.

Bayan ka zauna, miƙe bayanka, ka matse sirdi da cinyoyinka, ka saukar da dugaduganka ƙasa. Dubi gabanka, kada ka dubi ƙasa. Fara da tafiya, sannan sassarfa, daga baya sukuwa.

Linzami ba igiyar rataya ba ne. Ƙarfensa yana cikin bakin doki, kuma fizga tana ji masa ciwo. Idan za ka tsaya, zauna daram, ka ja shi a hankali. Idan za ka juya dama, kai hannunka dama, igiyar ta taɓa wuyansa ta hagu.

Mataki na ƙarshe shi ne tashi a kan likkafa, domin a haka ake dukan ƙwallo. Yi ta gwadawa har ka iya ba tare da ka dogara da linzami ba. Sai a lokacin za a ba ka sanda. Hausawa na cewa, sannu ba ta hana zuwa.

Ma'anar Kalmomi

sirdi: abin da ake ɗaura wa doki don zama
majayi: ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki
likkafa: ƙarfen da mahayi ke sa ƙafa a ciki
sassarfa: ƙaramin gudu
sukuwa: babban gudun doki

Tambayoyi

1. 'Yan wasa nawa ne a kowane ɓangare?
2. Me ya sa ake koyon zama kafin riƙon sanda?
3. Me zai faru idan majayi bai ɗauru ba?
4. Yaya ake juya doki zuwa dama?

Aiki

Nemo jimlolin hani guda biyu masu "kada" a cikin darasin, sannan ka rubuta naka guda uku.