Darasi: Farcen Kaɗa Jita Domin Hannun Manomi

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. 'Yan'uwa a Sunke da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum sun soma shirin waƙoƙin godiya da na Kirsimati. Inda ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi jita, sai mu tuna kayan jama'a ce. Tsirkiya ɗaya in ta tsinke, wani lokaci sai an je Gusau kafin a sami wata.

Matsalarmu ita ce, fartanya da lauje sun cinye mana farce, babban yatsa kuma ya yi kanta. In muka kaɗa da shi haka, muryar jita ba ta fita. Kakanninmu sun san maganin wannan. Mai garaya yakan kaɗa da guntun busasshiyar fata mai tauri. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gindin gashin tsuntsu yake kaɗa kuntiginsa. Na jita shi ne farcen roba, wanda ake sa wa babban yatsa kamar zobe.

Yadda Za Mu Zaɓa

1. A gwada kafin a biya. Ya zauna tsakanin gaɓa da gindin farce. In yana juyawa, ya yi girma. In yatsa ya soma zugi, ya matse.

2. In bai zauna daidai ba, a tsoma shi a ruwan zafi kaɗan, a lanƙwasa, sa'an nan a sa a ruwan sanyi. Kada a kai shi kusa da wuta, gama wani irin yana kamawa nan da nan.

3. In bakinsa ya yi tsawo, a rage shi a kan dutsen wasa wuƙa har ya yi santsi.

4. Kada a yanko gwangwani a yi farce da shi. Zai ci tsirkiya, ya kuma yanki mai kaɗawa.

Yadda Za Mu Kaɗa

Jita tana da tsirkiya 6. Babban yatsa ke riƙe da manya 3 na sama, yana bugawa ƙasa. Yatsu 3 na kusa da shi su ɗauki ƙanana 3, suna ja sama. Babban yatsa shi ne mai ganga: in ya rikice, mawaƙa duka sun rikice. Saboda haka a mako na fari, a koyi bugunsa shi kaɗai, a hankali, ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Kada a buga da ƙarfi, domin ikilisiya ta ji kalmomin waƙa.

Bayan sujada a mai da farcen cikin jakar jita, domin na ƙungiya ne.

Domin Tattaunawa

A karanta 1 Sama'ila 16:14-23. Dauda makiyayi ne, duk da haka ya gwanance da kiɗa. Wane saurayi ko budurwa za mu koya wa a wannan rani?